Kwallin Angona Ya Kai Ni Badun

To, ku gyara zama. Tun da na dawo Kibiya ba ku bar ni na huta ba. A bakin rijiya tambaya, a gidan biki tambaya, jiya ma ina tsakar tankaɗe wata ta leƙo ta kan zana, wai, "Azumi, da gaske ne a Badun tuwonsu baƙi ne?" Wasu kuma ba Badun ce ta dame su ba, so suke su ji dalilin da ya sa aka fito da jaririyarmu ranar suna babu ko ɗigon kwalli a idonta. Duk labari ɗaya ne. Yau zan ba ku shi daga tushe, wadda ba ta zo ba ku gaya mata, don ni bakina ya gaji.

Kun san jikana Sani, wanda nake kira Ango, shi kuma yake ce mini Amarya. Uwarsa ce 'yata ta fari, don haka kada ku sa ran jin sunanta a bakina. Yaye aka kawo mini shi. Da aka gama yayen aka zo ɗauka, na ce ban san zancen ba, ina aka taɓa raba ango da amaryarsa? Ya zauna. Yaro ne mai surutu, tun asuba yake tashina da "Amarya, koko!" In na yi masa wanka sai in ɗora shi a cinya, in zizara masa kwalli, in ja masa gira, in ce ango ba ya fita babu kwalliya. Kwallin kuwa na Iya Kande ne, unguwarzomarmu, wadda duk ƙasar Rano ba a yi mai niƙa kwalli da laushi kamarta ba. Ɗan tandun da nake zuba shi ma ya zama abin wasansa, yana kaɗawa yana tsotsar tsinken, ni kuwa ban iya hana shi abu ba.

Da damina ta yi nisa sai yaro ya fara canzawa. Ya ƙi abinci, ciki ya ɗaure, ya ɗashe ya yi fari. Sai tafiya ta koma tangaɗi. Sai magana ta ɗauke ɗif. Wannan ita ta fi cin raina, gida ya yi tsit, babu mai kirana Amarya. Mun yi jiƙe-jiƙe, mun yi rubutu, malamin asibitin Rano ya ba da maganin tsutsa da na zazzaɓi, shiru. Ku da kanku kuka ce baki ne ya kama shi, yaro kyakkyawa ga wayo, ni ma na ce haka ne. Sai na ƙara masa kwallin, safe da rana da yamma, har da ɗigo a goshi, don idon mutane ya kauce masa. Ranar da ya yi taune-taune a hannuna, idanu suka kakkafe, na ɗauka shi ke nan.

Ubansa kuwa fataucin shanu yake, yana zaune a Badun, can ƙasar Yarabawa. Da labari ya kai masa ya aiko wani abokin fataucinsa, ya ce a kawo yaron, akwai babban asibiti a can. Uwar tana gidana da tsohon ciki, ba ta iya tafiya. Na ce ni zan kai mijina. Aka haɗa ni da ƙanena Ɗanladi, maharbin nan na ƙauyen Saji, wanda kullum yake bugun ƙirji wai duk abin da ke numfashi ba ya tsoronsa.

Jaki ya kai mu Rano, muka sami motar gyaɗa mai zuwa Kano. Aka cilla ni can kan buhuna, ga yaro a baya, ga ƙwaryar fura a cinya da na dama don hanya. Ba mu yi nisa ba mota ta faɗa wani rami, ƙwarya ta yi tsalle ta kife a kan rawanin wani dattijon malami da ke zaune ƙasa da ni. Wayyo, kunya kamar in nutse. Bawan Allah ya shafo gemunsa ya lasa, ya ce, "Alhamdulillahi, yau na sha fura ta ka. Baiwar Allah, gaba a ƙara nono." Mota duk ta kwashe da dariya. Da ya ga halin da yaron ke ciki ya yi masa tofi, bai daina yi masa addu'a ba har muka shiga birni.

A tashar jirgi ta Kano ne na fara ganin ƙarshen jarumtar Ɗanladi. Kan jirgin yana tsaye yana huci, yana fesar da tururi, sai ya saki wata irin ƙara. Kafin in waiwaya ƙanena yana bayan tulin buhunan albasa. Na ce, "Ɗanladi, ai wannan ma numfashi yake, ina alkawarin?" Ya fito yana kakkaɓe riga, ya ce, "Yaya, inuwa na je nema."

Cikin jirgi kuwa gari ne guda. Ga masu kaji, ga masu tabarmi, ga sojoji, ga wani da ya shimfiɗa buzu tsakanin kujeru yana jan carbi. Wata Banufiya mai sayar da tsakiya, duwatsun wuyan nan, ta matsa mini wuri, muka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya. Na ba ta dakuwa, ta ba ni ayaba, ta karɓi Ango ta riƙe don in miƙe ƙafa. Ta dube shi ta ce, "Kai, wannan yaro ya sha kwalli, tubarkalla." Har na ji daɗi a raina. Duk tashar da aka tsaya sai in ciro tandu in gyara masa, don na ga idon baƙi ya yi yawa a kansa.

Mun kwana a hanya, gari ya waye, muka iso gadar Jaba. Jama'a, na ga ruwa. Ni da nake ganin in rafinmu ya kawo ƙarshen ruwa ke nan, ashe wanka da buta muke yi. Jirgi ya rage gudu yana ƙwaram-ƙwaram, kowa ya kama salati, Ɗanladi ya rufe ido ya damƙe gefen mayafina har sai da muka haye.

Sai maganar iyaka. An gaya mana gaba kaɗan ƙasar Arewa za ta ƙare a shiga ta Yamma. Mu a zatonmu ƙofa ce irin ta ganuwa, da masu gadi, a sauke kowa a tambaye shi ɗan wane ne. Ɗanladi har ya canza riga ya gyara hula. Muka yi ta jira. Can ya tambayi wani ma'aikacin jirgi yaushe za a kai iyakar, mutumin ya ce, "Ai tun kana shan raken nan muka wuce ta." Ni a bakin 'yan talla na gane mun fita gida. Kiran ya canza harshe, ɗaurin kan mata ya yi tozo, kuma kome a ganye ake naɗe shi.

Badun ba ta da farko ba ta da ƙarshe, tudu bayan tudu, duk rufin kwano mai tsatsa. Muna sauka wani saurayi tsaf da shi, da kwat da takalmi, ya zube rub da ciki a gaban wani tsoho. Ɗanladi ya yar da kayanmu ya ruga ya ciccibe shi yana ihu, "Farfaɗiya! A kawo ruwa!" Ashe gaisuwa ce. Su haka ɗa ke gai da uba, mu tsugunawa, su kwanciya. Tsohon ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ba Ɗanladi goro.

Surukina ya tare mu. Ya tsuguna can nesa kamar yadda aka saba, ni ma na kau da kai muna gaisawa da ƙyar. Da ya karɓi ɗansa, yaro ya dube shi bai gane shi ba, sai na ga ƙato yana zubar da hawaye a tsakiyar tasha. Daga nan kunya ta ɗan ja baya, na ce, "Haba, yi shiru, ai mun iso."

A Sabo ya sauke mu, unguwar Hausawa, kai ka ce Fagge aka ɗauko aka dasa. Mai masaukina wata Hajiya ce, ashe 'yar Rurum ce nan kusa da mu, ta bar gida tun tana amarya. Ko ruwa ban gama sha ba ta fara, wane yana nan? Tsamiyar nan ta bakin kasuwa ba a sare ta ba? Na ba ta daddawar da na zo da ita, ta shinshina, ta sake shinshinawa. Amma tuwon da kuke tambaya a ƙofar asibiti na ci shi. Da aka miƙo mini na ce wa mai tuwon ya ƙone, ta harare ni. Garin doya ne, haka kalarsa take, ga santsi. Miyar kuwa da aka yi ta kuranta mini, ina kai loma na ce, af, ai lalo ne, wanda ke fitowa bayan ɗakina ba mai shukawa. Sai dai barkono, Allah ya kiyaye. Ɗanladi ya ci yana hawaye yana cewa hayaƙi ne.

Asibitin bene ne a kan bene, har da wani ɗan ɗaki da ake shiga ya tashi da mutum sama. Na ce su hau, ni ƙafata lafiya lau. Allah ya haɗa mu da wata nas Bayarabiya da kowa ke kira Sista, haifaffiyar Sabongarin Kano, Hausa a bakinta har ta fi tawa gishiri. Ita ce tafintarmu. Abin da ta fara yi shi ne ta yi wa Ango wanka ta wanke fuskar nan tas. Da ta miƙo mini shi na ƙura masa ido. Fuska tsirara, kamar ba ɗan gidan mutane ba.

Likitan wani siririn mutum ne mai magana a hankali. Suka ɗebi jini, suka ɗauki hoton ƙashin gwiwa, sannan ya zaunar da mu. Ya ce ba baki ba ne, ba iska ba ce, guba ce a jikin yaron, gubar dalma, kuma in ba a gano ta inda take shiga ba, ko an yi magani komawa zai yi. Ya shiga tambaya. Akwai fenti a bangonku? Na ce gidan ƙasa ne, ina muka ga fenti. Tsohon batirin mota fa? Tukunyar da aka liƙe da dalma? Babu. Ɗanladi ya rantse yaron bai taɓa taka Saji ba balle ya ga inda yake narka harsashi. Likita ya ce to in lissafa masa duk abin da ke shiga bakin yaron. Na lissafa koko, tuwo, fura, jiƙon sabara, har ƙasar da yake ɗan lasa. Kwalli ko a raina bai zo ba. Abin da ke shiga baki aka tambaye ni, wa ya taɓa cin kwalli?

Aka kwantar da mu, ana ta neman bakin zaren. Ni kuwa fuskar nan ta hana ni sukuni. Ga mutane na ta wucewa suna kallon yaro, ba abin da ya tsare shi. Wata safiya na duba hagu na duba dama, na kwance bakin zanena na ciro tandu. Na gama ido ɗaya ke nan na ji an ce a bayana, "Mama, me ake yi?"

Na ce, "Kwalliya nake wa mijina, Sista. Ko a Badun an hana?"

Ta yi dariya ta ce su tiro suke ce masa, ita ma da shi uwarta ta raine ta. Tana cikin dariyar Ango ya murza idon da bayan hannu, ya kai hannun baki yana tsotsa. Sai na ga dariyar ta tsaya. Ta ce, "Mama, sau nawa kike sa masa?" Na ce tun da ciwo ya zo ban ƙirga ba. Ta miƙo hannu ta ce, "Ara mini tandun nan."

Da rana aka kira ni da Ɗanladi wani ɗaki cike da kwalabe. Mai gwajin, wani dattijo da farar riga, ya ƙwaƙule ɗan rami a jikin gawayi, ya zuba kwallina, ya ɗauko wani ɗan bututu yana hura wutar fitila a kai, sak yadda maƙeran fari ke yi a kasuwar Rano. Wari ya tashi irin na ashana. Muna kallo baƙin garin nan ya tattaru, ya narke, sai ga ɗan ƙwallo yana sheƙi kamar ƙwayar dawa. Da ya huce Ɗanladi ya ɗauka ya danna da farce, ya lotsa. Ya dube ni, babu wasa a fuskarsa ko kaɗan, ya ce, "Yaya, wallahi dalma ce. Irin wadda nake ɗura wa bindiga."

Kun san ni da gardama. Na ce wa likita uwata ta sa mini, kakata ta sa mata, ga ni garau, kuma a ido ake sawa ba a baki ba. Ya ce Sista ta tambaye ni, in na sa kwalli na fyace hanci, me nake gani? Na ce baƙi, kowacce a cikinku ma ta san haka. Ya ce to akwai 'yar hanya daga ido zuwa hanci zuwa maƙogwaro, ga kuma hannu, ga tsinke. Ya ce babba in ya sa jefi-jefi jikinsa yakan ɗauki kaɗan, shi ma ba alheri ba ne, amma cikin yaro zuƙewa yake, ga jiki ƙarami, ga ƙwaƙwalwa ɗanya. Ni kuma don in wanke kwallinmu na ce ai namu ba irin mai tsakuwar nan ba ne, Iya Kande kwana take tana niƙa shi har ya fi garin alkama laushi. Likita ya girgiza kai. Ya ce laushin nan shi ne abin tsoro, gwargwadon ƙanƙantar ƙwayar gari, gwargwadon yadda yake narkewa ya bi jini. Ya ce ba kowane kwalli ne haka ba, akwai na baƙin hayaƙi da babu dalma, amma ido ba ya rarrabewa, sai an gwada.

Na zauna a ƙasa ina duban hannuna, ina cewa da wannan, da wannan na yi ta ƙara masa. Sista ta tsuguna ta kama hannun ta ce, "Mama, da wannan kuma kika goyo Ango tun daga Kibiya. Tashi mu je, yana nemanki." Allah ya yi wa yarinyar nan albarka duk inda take.

Abu ɗaya ya rage yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ai mun tashi mun ji kwalli sunna ne. Hajiya ta raka ni wurin wani tsohon malami a Sabo, na tambaya daga bayan labule. Ya ce, "Baiwar Allah, dutsen da littafi ya ambata da sunansa. Wannan da 'yan koli ke kawowa ba mu san ramin da aka haƙo shi ba. Kuma addini bai ce a cuci jariri ba." Sai na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina.

Muka zauna ana allurai, ana ba shi madara. A hankali ya fara karɓar koko, ya zauna, ya miƙe yana bin gadaje yana jan zanen marasa lafiya. Magana ce dai shiru. Likita bai rufe ni ba, ya ce tana iya dawowa, tana iya ƙin dawowa, abin da ke hannunmu shi ne kada dalma ta sake kusantarsa. Ranar sallama na roƙi ɗan ƙwallon nan aka ba ni, na ƙulle a bakin zane inda tandu yake zama da.

Dawowa ba wani labari, sai dai a gadar Jaba Ɗanladi ya buɗe ido ɗaya, yanzu a Saji cewa yake ya ga dorina.

Ba mu daɗe da isowa ba uwar Ango ta sauka, da hantsi, mace. Iya Kande ta yanke cibi, ta yi wanka, ta naɗe jaririya a cinyarta. Sai ta laluba ta ciro tandunta, kamar yadda ta yi wa kusan duk wadda ke zaune a nan. Ta tsoma tsinke. Ban san lokacin da na riƙe mata wuyan hannu ba, matar da ko inuwarta ban taɓa tsallakawa ba.

Ta ce, "Azumi, lafiya?"

Na ce, "Iya, ki gafarce ni, buɗe tafinki." Na kwance ƙullin na ɗora mata ɗan ƙwallon, na gaya mata kome, har maganar laushi, don ban ga amfanin ɓoyewa ba.

Ta daɗe tana jujjuya shi da yatsa. Can ta ce, "Hannun nan shi ya sa wa mai jegon nan. Shi ya sa wa Ango ranar da ya faɗo. Akwai kuma waɗanda suka yi taune-taune suka koma, ina tuna su."

Na ce, "Iya, da ni da ke ba wanda ya sani. Ƙauna muka yi."

Ta mayar da tsinke ta toshe tandu, ta ajiye a kan tabarma. Ta ɗaga jaririya wajen hasken ƙofa tana kallo, ta ce, "Ikon Allah. Ashe haka idonsu yake. Na tsufa ina karɓar haihuwa, ban taɓa tsayawa na gani ba."

Muna haka sai ga Ango ya shigo yana 'yar tafiyarsa ta dafa bango. Idonsa ya faɗa kan tandun Iya, irin abin wasansa da ya daɗe bai gani ba. Ya saki bango ya nufe shi da sauri. Ni ban ma motsa ba, tsohuwar nan ta riga shi, ta wafce ta cusa a ƙarƙashin cinyarta. Yaro ya tsaya. Ya dube ta, ya dubi tabarma, ya taɓe baki. Sai ya juyo wurina yana nuna ta da yatsa, ya kawo ƙara, muryar nan a dashe:

"Amarya!"

Tun da aka kawo mini shi yaye bai taɓa nuna abu na hana shi ba, sai ran nan. Na jawo shi na rungume, hawaye na zuba a kansa, na ce, "Na'am, Ango. Ba za a ba ka ba. Sake kirana."